Innata Ba Ta Rungume Ni Ba, Sai Me?

Zuwa ga Ustaz mai shirya bidiyon ranar uwa a Sennar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da yaranka masu ɗaukar hoto. Da Hausa na rubuto, don an ce mini kakanninka Hausawan garin Mai Wurno ne. In ta yi maka nauyi, ka nemi wata tsohuwa a danginku ta fassara maka, wataƙila ta ƙara maka da abin da ban faɗa ba.

Ni ne mutumin da kuka ɗauka a ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla, ranar da na dawo daga haƙar zinariya a arewa bayan shekaru. Kun zo neman uwa da ɗa, aka nuna muku gidanmu, kuka kafa kyamara a ƙofa kuna jiran kuka. Inna tana sheƙar dawa. Ba ta ɗaga ido ba. Ta ce wa ƙanwata a ba wancan ruwa, ta shige ɗaki.

Na farko, abin da kuka yi da wannan. Kun raba hoton biyu. A gefe ɗaya 'yar wasanku ta birni, da lalle har gwiwar hannu, tana ihun "ya waladi", wato ɗana, a kan wani ƙato da ba ita ta haifa ba. A ɗaya gefen Inna, da rubutu a ƙasa wai uwa mai zuciyar dutse. Har da kiɗan tausayi kuka sa mini, kamar maraya. Sannunku da ƙoƙari.

Na biyu, ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan farinta: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Haka ta tarar, haka uwarta ta yi. Aikin runguma na gwaggona ne wadda ta goye ni, kuma ta yi shi har rigata ta jiƙe da hawaye, amma lokacin kun naɗe kayanku kuna sauri kada mota ta bar ku. Da kun tambayi ko yaron da ke kora awaki a bakin hawasha, wato gonar auduga, da ya gaya muku. Ba ku tambaya ba, domin uwa ɗaya kuka sani, wadda ke kuka a talabijin. Wadda ta yi shekaru tana tsinkar auduga, tana aika gwaggo ta tambayi direbobi labarina don ita kunya ta hana ta, ba ta da kyau a hoto.

Na uku shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bidiyon ya shiga kowace waya. Inna tana sayar da gyaɗa a kasuwa, yanzu ta daina zuwa, saboda 'yan mata suna nuna ta suna dariya. Ta fara zaton laifi ta yi. Ranar Juma'ar da ta wuce, a gaban baƙi, ta buɗe baki ta kira sunana tana kallon ƙasa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma wallahi ban ji daɗi ba. Ji na yi kamar an fizge mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Tashi na yi na bar gidan.

Don haka ina neman ku sauke bidiyon nan. Sannan ka zo da ƙafarka, ba kyamara, ka durƙusa ka gaya mata cewa ba ita ta yi kuskure ba. Ni na gaya mata, amma tana ganin ku masu ilimi ne.

Allah ya ƙara maka basira, ya ja kwanan taka mahaifiyar, ya kuma tsare ta daga irin aikinka.

Wassalam.

Ɗan farin mai gyaɗa.