Ragar Tsiren Baba

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Na ɗauko Lujain, 'yar kafilina, Balaraben da nake yi wa tuƙi, daga filin jirgi. Koriya ta je. Har muka kai gidansu a Abhur bakinta bai rufu ba, ni kuwa bayana kamar ya ɓalle. A danja ta miƙo waya: wai gidan tarihi guda aka yi wa taliya. Taliya fa, mai baƙar miya kamar bakin mai. Na ce masha Allah don a zauna lafiya.

Talata, 8 ga Oktoba

Tashi ya zo. Ranar Asabar za mu bar unguwar Sharafiyya, mu koma ɗaki biyu a Madain Fahd. Matata Bara'atu ta jawo kayan Baba daga ƙarƙashin gado: ragar gasa tsire, tire, gwangwanin yaji. "Malam, ina za mu kai wannan tsatsar?" Na ce halas, shi ke nan, a ba 'yan gwangwan. Na gaji da jan kayan mamaci, shekara goma sha tara ke nan.

Laraba, 9 ga Oktoba

Lujain da taliyarta dai. Wai 'yan China masu dako a tashar jirgin ruwa suka kai ta can, 'yan ƙasa suka ƙara zaƙi, ta zama tasu. Har akwatin ƙarfen da ake kai wa mutane ita an sa a gilashi, duk ya lotse. Lujain ta ce, "Ya Ammi," wai baffa, "kamar siriya tamu ta Hijaz."

Tamu. Shekara talatin Baba yana shan hayaƙi a bakin titi yana ce musu tsire, suna cewa siriya. Na sa sigina kawai. Ya ci mini rai, gaskiya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tambayi 'yata Hafsa ko ta san sana'ar kakanta. Mai digiri guda! Ta ce da Larabci, "Sawwag, mu?" Wai direba ne kamar ni, ko ba haka ba? Ba laifinta ba ne, ban taɓa faɗa mata ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun tare. Ƙafafuna sun kumbura.

'Yan gwangwan sun zo tun safe, na ce su je tukuna. Ragar tana kan durowa, Bara'atu ta kalle ni. Na manna 'yar takarda a jiki: Zaharadden mai tsire, Sharafiyya. Don kada a yar da ita bisa kuskure ne kawai.

Na sake rubutawa da Larabci a ƙasa, saboda Hafsa.