Sharar Bakin Tafki

Zuwa ga jikata, likitar kwaɗi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Da hannuna na rubuta wannan, malamin ajinmu na yamma ko kallo bai yi ba.

Tun da kika ce za ki kawo malamarki ta jami'a ta ga 'yan korayen kwaɗin tafkinmu, na kasa zama don murna. Kullum sai na je na leƙa su a kan ganye, ko kan babban yatsana ba su kai ba. To amma baƙuwa irin wannan ba za ta tarar da ƙazanta ba. Kwana biyu na yi da lauje, na share duk dogayen ciyayin bakin ruwan. Tsummokaran da wani ya ɗaɗɗaura musu ma na zubar. Wuri ya yi fes!

Kakanki mai alfahari da ke.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Innalillahi! A tsaye na karanta wasiƙarka, sai ga ni a zaune a ƙasa.

Ni na ɗaura tsummokaran nan, kowanne alamar ganyen da ke da ƙwai ne. Wannan kwaɗon ba ya ƙwai a ruwa, Kaka. A ganyen da ya rankwafo kan ruwa yake mannawa, in sun ƙyanƙyashe su faɗo ciki. An cike sauran tafkunan an yi gidaje, namu kaɗai ya rage musu. Ƙwan nan za mu nuna a hana cike shi. Yanzu me zan nuna, shararka?

Ina ka kai ciyawar? Don Allah kada ka ce ka ƙona.

Jikarka.

*

Jikata,

Ina amsawa, amma kunya ta hana ni cin abinci. Na ƙona rabi. Rabin kuwa na neme shi na rasa. Na tambayi kakarki, ta ce, “Mai ilimin yamma, yau kuma ciyawa kake karantawa?” Ta ci gaba da tankaɗe.

Ki yafe wa tsoho.

*

Amaryata, maza ki taho!

Ashe tsohuwar nan ce ta kwashe rabin don saƙar tabarma. Ta tsayar da shi cikin bahon wanki da ruwa a bayan ɗaki, kada ya bushe. Yau da safe na ji ta ƙwala ihu, “Malam, tsutsotsi sun cika min baho!” Har ta kama shi za ta kifar, na yi tsallen da rabona da shi shekara arba'in, na riƙe.

Ba tsutsotsi ba ne. 'Ya'yan kwaɗinki ne, baƙaƙe, da wutsiya, sai ninƙaya suke. Wasu ƙwan ma suna nan manne a ganye.

Na kafa kujera ina gadi, ko kaza ba ta isa ta leƙa ba. Laujen kuwa kakarki ta ɓoye shi. Ta ce ki taho mata da sabon baho.

Kakanki, mai gadin kwaɗi.