Ruwan Rijiyar Stanimir

Zuwa ga Yaya Milunka,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Turawan nan da suka ɗebi ruwan rijiyoyin ƙauyenmu a kwalba, saboda ramin haƙar tagulla, sun aiko mana takarda da Turanci. Na kai wa Dragoljub mai kanti, tunda ya taɓa aikin jirgin ruwa, yana ɗan jin Turanci. Ya ce gargaɗi ne kawai irin na kowa da kowa, wai ruwa gaba ɗaya a riƙa kula da shi wajen yara. Mijina Stanimir ya yi dariya, ya ce shekara sittin yana shan rijiyar ubansa.

Amma Yaya, jikata Tijana sati uku ke nan tana ciwon ciki, ko miyar wake ta daina ci. Ga layin na kwafo miki, ke da kika koyar da Turanci: "The water is not safe for children."

Ƙanwarki,
Radojka

*

Radojka,

Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ku daina shan ruwan nan yau.

Dragoljub ya tsallake kalmar farko, don harshenmu ba shi da irinta. Ruwa, gishiri, madara, duk abin da ba a ƙirgawa, in Bature yana maganarsa gaba ɗaya ba ya sa masa "the". In ya sa, to wani takamaimai yake nufi. Wanda suka ɗiba a kwalba ke nan. Naku.

Kada a ce miki a tafasa, tafasawa ba ta fitar da ƙarfe. Ki kawo yarinyar nan birnin Niš a gwada jininta a asibiti. Mijinki kuwa in ya musa, ki ce ya zo ya musa a gabana.

Yayarki,
Milunka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna tafe ranar Laraba a motar safe. Tijana ta tambaye ni ko allura za a yi mata, na ce ban sani ba.

Stanimir bai musa ba. Ya karanta wasiƙarki sau biyu, ya ɗauki guduma ya rufe bakin rijiyar da katako.

Yana cikin bugawa sai ga Zorka maƙwabciyarmu da bokiti biyu. Tun bara a rijiyarmu take ɗiba, cikinta wata bakwai. Ta ce, "Kawu Stanimir, lafiya?"

Shi da bakinsa ya faɗa mata.

Ki nemo mana wuri na mutum uku: ni da Tijana da Zorka.

Radojka