Kumfar Iska a Cikin Sirinji

Inna,

Ina gaishe ki. Ya gwiwar taki? Ya ƙanwata Sereima da gonar gwaza?

Lafiyata ƙalau a nan birnin Cairns, sai kumburin ƙafa saboda tsayuwa, ba komai.

Jiya a ɗakin gwajin jini na asibitin da nake aiki aka kawo mini jinin wata tsohuwa mai ciwon suga in auna tsaminsa. Na ga kumfar iska a sirinjin, na ce a sake ɗiba, don iska kan ɓoye tsamin. Likitan da ke duba ta ya ce, "Yaushe kika zo da za ki koya mana aiki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an sake."

Aka sake. Ashe jinin ya yi tsami ƙwarai, aka rufu a kanta, ta farfaɗo.

Ba zan dawo Fiji ba sai na iya aikin nan ciki da bai. Taurin kan da kike mini faɗa a kai, Inna, jiya ya yi rana.

'Yarki,
Asenaca