Makin da Sakina Ta Bari

Litinin, 1 ga Yuli, 1985

Ta tafi. Inna ta ce da hantsi motar kayan ta tashi, lokacin ina makaranta ina fama da 'yan aji uku. Allah ya raka taki gona.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su Sekinat. A nan Malumfashi aka binne cibiyarta kamar tawa, Sakina muke ce mata, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Tare muka yi firamare, tare muka yi kwalejin horon malamai. Amma wai an sa mata rana da wani ɗan Ogbomosho wata uku cur, uwarta ta sani, Inna ta sani, har masu sayen kwano a kantin babanta sun sani, ni kaɗai ce bare. A bakin mai kitso na ji, kaina rabi a tsefe. Da na tare ta sai cewa ta yi, "Na san halinki ne, Rabi, shi ya sa na kasa faɗa miki." Halina! Ita ta yi ɓoyo, ni ce mai hali.

Jiya ta zo sallama. Na shige ƙuryar ɗaki na ce wa Inna ta ce ba na nan. Inna kuwa ba ta iya ƙarya ba ko ta taimako, sai ta ce, "Tana ciki, ta ce ba ta nan." Ina ji Sakina ta zauna kan turmi ta ɗauki ɗan abin wasan nan namu, Mai Kwando, tana ta ƙit-ƙit-ƙit kamar ba abin da ya faru. Rashin kunya har gida. Na danne kunnena da filo.

Talata, 2 ga Yuli

746.

Na dawo daga makaranta na ɗauki Mai Kwando don in huce, na danna maɓallin da ke nuna maki mafi yawa, sai ga 746 yana kallona. Nawa 512 ne, tun watan azumi yake nan ba wanda ya taɓa shi. Sakina ba ta taɓa wuce 480 ba, hannunta rawa yake da zarar abin ya ɗau sauri. To yaya aka yi? Wato ba ta gamsu da ɓoye mini aure ba, sai da ta zo har tsakar gidanmu ta goge ni.

Abin ma ba nata ba ne. Baba ne ya zo da shi bara daga Makka, ɗan abu kamar tafin hannu, da gilashi a tsakiya. Agogo ya ɗauka ya sayo, don a kusurwa yana nuna lokaci kuma yana da ƙararrawa, wai zai riƙa ta da shi asuba. Sati biyu yana ajiye a taga ana girmama shi, sai ranar da Sakina ta zo da karambaninta ta danna jan maɓalli. Sai ga biri a kan bishiya yana jefo mangwaro ta rassa huɗu, ga wani ɗan baƙin mutum da kwando a ƙasa yana jira a motsa shi hagu ko dama. Kowane mangwaro ka tara maki ɗaya. Ka zubar da uku, biri ya yi maka dariya, wasa ya ƙare. Baba ya ce, "A'uzubillahi, ashe biri na ɗauko tun daga ƙasa mai tsarki!" Ya bar mana, da sharaɗin kullum a mayar masa taga kafin magariba.

Ta kuma cusa wata 'yar takarda a cikin kwalinsa. Adireshinta ne. Na jefa cikin kwallar Inna da ba a buɗewa.

Wallahi sai na goge lambar nan.

Alhamis, 4 ga Yuli

388. Biri ya yi dariya. Kamarsa ɗaya da hedimasta.

Lahadi, 7 ga Yuli

An kwana ana ruwa, Baba da Yaya Sada sun tafi gonar hanyar Kafur maimai tun da safe. Na samu gida shiru. 455, 430, 501.

Abin da ke ba ni haushi shi ne har yanzu ina son wasan. Na so a ce ya fita raina tare da ita. Ina! Ɗari na farko kamar tsince wake ne, mangwaro ɗaya ɗaya, kana yi kana hira. Daga ɗari biyu ƙarar ta fara haɗewa. Can wajen ɗari huɗu kuwa ba ka ƙara tunani, manyan yatsunka biyu ne ke ji da kansu, ido bai gama gani ba hannu ya riga ya je. A nan daɗin yake. Ba hedimasta, ba rajista, ba mai tambayarka yaushe za ka fito da miji. Da ka tuna cewa kana yin kyau kuwa, shi ke nan, mangwaro ya fashe.

Kuma ba ya maguɗi. In ka faɗi kai ka faɗi. Ba ya ɓoye maka komai wata uku.

Laraba, 10 ga Yuli

Yaya Sada ya gan ni ina cizon leɓe ya ce, "Ke Rabi, wahalar me kike? Zare batir ɗin ki mayar, lamba ta koma sifiri. Haka agogona yake yi." Har ya miƙo hannu da ɗan ƙusa zai buɗe bayan. Na fizge, saura kaɗan in kai masa duka, yayana guda. Na ce wannan aikin ragwaye ne, da hannuna zan ci ta. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, sarauniyar birai."

Shi ina ruwansa.

Asabar, 13 ga Yuli

Iya Abike, uwar Sakina, ta shigo da cincin da alkakin biki a kwano. Na gaishe ta a tsaye kamar yadda ake gaida baƙo, ni da nake durƙusa mata tun ina 'yar tatsitsiya. Ta dube ni ta ce, "Rabi'atu, ƙawarki ta sauka lafiya, tana tambayarki." Na ce madalla. Inna ta harare ni har sai da na ji a ƙeyata.

Ban ci cincin ɗin ba. Guda biyu kawai.

Juma'a, 19 ga Yuli

560! Na wuce tsohon makina. Na ɗaga kai zan yi ihu ta kan katanga kamar yadda muka saba, har na buɗe baki. Tsaki na ja.

A da, ita ke ƙirga mini da ƙarfi don ta rikita ni, rabi da Hausa rabi da Yarbanci. Ni kuma in nata ya zo sai in riƙa ce mata ga kunama a zaninta. Wasan banza. Yanzu ba mai rikita ni, ya kamata in fi yin kyau.

Talata, 23 ga Yuli

An fara jarrabawa, ban taɓa shi ba kwana uku. Yau 402. Baya ma nake komawa.

Lahadi, 28 ga Yuli

640. Babban yatsana na dama ya yi kanta. In ka kai ɗari uku abin yana yin wani ɗan kiɗa ya share maka kuskuren da ka yi, ka koma kamar ba ka zubar da ko ɗaya ba. Inna tana tankaɗe ta ji kiɗan ta tambaya, na yi mata bayani. Ta ce, "Ikon Allah. Ƙarfe ma yana yafiya." Na yi kamar ban ji ba. Inna dai in ba ta soka magana ba abinci ba ya wuce mata.

Alhamis, 1 ga Agusta

Sabuwar masifa. Lambobin sun fara dusashewa, sai na karkata gilashin nake ganin biri sosai. Yau kuma ƙararrawa ta yi ƙasa-ƙasa har Baba bai ji ba, zakaran maƙwabta ne ya ta da shi. Ya ce batir ne. A garin nan babu irinsa, ƙanana ne guda biyu kamar maɓallin riga, sai Funtua.

Kenan kwanakina ƙidayayyu ne. In batir ya mutu lambarta ta mutu da kanta, ba ni na kashe ta ba. Wannan ai ba ci ba ne.

Litinin, 5 ga Agusta

An ba da hutu. Tun safe nake kai. 598, 611, 577. Tuwo ya kama a tukunya, na sha faɗa.

Laraba, 7 ga Agusta

701.

Saura arba'in da biyar. Bayana ya riƙe, idona na ruwa. Na jefar da shi kan tabarma na ce Allah ya isa tsakanina da Sakina, ko aljanu ne suka taya ta. Mutumin da bai taɓa wuce 480 ba!

Inna tana gyaran zogale ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ba aljanu ba ne, ina nan zaune aka yi." Wai tun azahar Sakina take kan turmin nan, tana yi tana kallon labulen ɗaki. Da la'asar ta yi aka aiko daga gidansu sau biyu, baƙi na jira. Inna ta ce mata, 'yar nan tashi ki tafi, wannan mai taurin kan ba za ta fito ba. Sai ta ce, "Inna, bari in yi na ƙarshe. In biri ya yi dariya ba ta fito ba, na tafi."

"Shi ne fa ta ƙi faɗuwa," in ji Inna. "Hawaye na zuba, ba hannun sharewa, sai ta goga fuska a kafaɗa. Ni ban san kan abin ba, amma na ga yarinya tana riƙe da shi kamar mai riƙe igiyar guga a rijiya. Da ya ƙare ta ajiye ta ce in gaishe ki."

Na ce to me ya sa ba ki faɗa mini ba tun tuni? Ta ce, "Na san halinki."

Ita ma! Kowa ya san halina a gidan nan. Na shiga ɗaki. Ba kuka na yi ba, idona ne ya gaji da gilashi.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ban taɓa shi ba.

Ai na ji ƙarar ranar. Ta cikin filo ma na ji yadda take ƙara sauri, har na ce a raina yau hannunta ya faɗa. Taku nawa ne daga gado zuwa labule? Huɗu. Na ƙirga ɗazu, ban san dalili ba.

Duk da haka ita ta fara. Wata uku!

Laraba, 14 ga Agusta

Baba ya makara sallar asuba yau, ransa a ɓace. Ya ce Yaya Sada zai shiga Funtua ranar Asabar neman taki, ya tafi da agogon wajen Chukwuma mai gyaran agogo a sa sabon batir. Yaya ya kalle ni yana murmushin mugunta ya ce, "Kin huta, Rabi. Sifiri kyauta."

Na ce ni zan kai, ina da sayayyar zaren saƙa. Baba ya ce tun yaushe nake saƙa? Na ce tun yau. Inna ta sa baki ta ce a bar ni in bi Yaya. Ban gode mata ba, don na ga yadda take danne dariya.

Juma'a, 16 ga Agusta

Da ƙyar ake ganin lambar. Na naɗe shi a ɗankwali na hana kowa dannawa. Ya Allah ka kai shi gobe.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun dawo. Hanya duk ruwa, 'yar bas ɗin kiya-kiya da muka shiga ta tsaya sau biyu.

Chukwuma yana da ɗan teburinsa mai gilashi kusa da tasha, haifaffen Funtua ne, Hausa a bakinsa kamar Bakatsine. Ya juya abin ya ɗauko ɗan sukundireba zai buɗe, na riƙe gefen teburin na ce ya dakata. Na ce akwai lamba a ciki, ba na so ta goge. Ya sa tabaronsa ya karkata gilashin ya ce, "746? Malama, ke kika yi wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "To ta wa ce?" Na ce ta wata ce da ba ma shiri. Ya dube ni ta saman tabarau, ya koma kan aikinsa, Allah ya yi masa albarka.

Ya ce da an zare batir lamba ta tafi, sai dai a yi mata dabara, kuma bai yi alkawari ba. Ya haɗa manyan batura biyu na tocila da siraran wayoyi, ya buɗe bayan a hankali, ya ɗora bakin wayoyin kan ƙarafunan ciki ya ce in danne da yatsuna, kada in motsa ko ƙuda ya sauka a hancina. Wai wutar waje za ta riƙe shi kafin ya musanya na ciki. Yaya Sada yana tsaye da buhun taki yana cewa yau ga tiyatar biri. Ban kula shi ba. Na danne wayoyin da yatsun nan da suka kai 701. Chukwuma ya ciro na farko da hantsaki, ya sa sabo, ya ciro na biyu, ya faɗi ƙasa, ya tsaya nema, ni kuwa numfashi ma na daina.

Ya rufe. Ya miƙo mini ya ce in danna da kaina.

746. Baƙi wuluk, kamar yau aka rubuta.

Ba don ita na yi ba. So nake in ci ta da hannuna, kowa ya sani. Sai dai ba sauri nake ba, yatsana yana bukatar hutu, wataƙila har bayan kaka.

Tunda na riga na je Funtua na biya gidan waya na sayi ambulan da kan sarki, don kada tafiyar ta tashi a banza. Zaren saƙar ne na manta. Da muka dawo na tarar Inna ta sauke kwallar nan da ba a buɗewa ta ajiye a bakin gadona, wai ƙura za ta goge.

Ba doguwar wasiƙa zan yi ba, kada ta ɗauka wani abu ne. Layi ɗaya ya isa: Na kai 701, naki yana nan.