Kyanwar Madam ta tafi Marbella

Manfuha, daren Laraba, Yuli 2016

Tun azumi kafil, wato Balaraben da nake yi wa aikin direba, ya ce da ni za a je hutu Marbella, kudancin Sifaniya, ni zan tuƙa su. Na haddace hanyar a waya tun daga Malaga, teku a hagu, duwatsu a dama. Har na ce wa Inna ta jira hoton teku.

Yau a filin jirgi, jakata tana cikin but ɗin mota, kafil ya ce, "Ya Sani, akwai direba a can. Ka riƙa tayar da motoci kada batir ya mutu."

Kyanwar Madam, matarsa, kuwa ta tafi. Ni na yi ta sintiri cikin wannan rana har aka yi mata takardun tafiya. Fasfo nawa ashe bai ma fita daga durowarsa ba.