Shaidar da na bayar ranar godiyar kaka

Salama gare ku masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Musulmi da Kirista. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku yi mini faɗa, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni. Na gaji ne kawai.

Ni Kirista ce, a Magariya nake aure. Mu ƴan kaɗan ne a majami'armu, kowa ya san abin da kowa ya dafa, kuma ni ce shugabar zumuntar mata. Maigidana ɗan kabu-kabu ne. Tun da ya faɗi da babur a hanyar Dungas, ko da yake gwiwa kawai ya kuje, hankalina bai sake zama wuri ɗaya ba. Da ya tayar da babur da safe sai zuciyata ta fara kashe shi. In ga an kawo shi a tabarma, in ga mata sun cika tsakar gida, har abin da zan ce wa yara nake shiryawa alhali ina tsaye riƙe da taɓarya. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Ba ta yi ba, in ce to shi ke nan, ba mai iya gaya mini ne. Na yi addu'a, na yi azumi, na karanta Maganar Allah har idona ya yi ja. Wace irin mai bi ce ni, da ke koya wa mata su danƙa wa Yesu damuwarsu, ni kuwa na kasa haɗiye fura?

Da abin ya ci ƙarfina sai na ce zan je gaishe da yayata a Damagaram, na zarce wajen lokotoro, wato likita. Ya saurare ni, ya rubuta mini ƙwayoyi. Ina sha ina addu'a, kuma gaskiya sai da na fara shan su ne na iya yin addu'a har ƙarshe ba tare da tunani ya sace ni ba. Amma na ɓoye su cikin wata tsohuwar tukunyar daddawa a ɗakina, ko maigidana bai sani ba, don na san abin da ake cewa a kan Rahila (ba sunanta ke nan ba). Matashiya ce a zumuntarmu, irin ciwona ya kama ta bayan ɗanta ya rasu. Ita ba ta ɓoye maganinta ba, sai mata suka riƙa raɗa wai bangaskiyarta ce ba ta da ƙarfi.

Ranar godiyar kaka, an tara damman gero gaban bagade, Baba Fasto ya ce mai shaida ya fito. Na miƙe na ce Ubangiji ya ba ni kwanciyar rai. Wannan gaskiya ne. Sai aka ɗauki tafi da guɗa, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ba likita, ba ƙwaya ko?" Na ji bakina ya ce, "Ko ɗaya, Inna. Addu'a kaɗai." Me ya kai ni? Daɗin guɗar ne? Tsoron a haɗa ni da Rahila ne? Har yau ban sani ba.

A ƙofar majami'a Rahila ta kama hannuna tana murmushi. "Mama, kin buɗe mini ido. Yau ɗin nan zan zuba maganina a masai." Na so in ce kar ki yi, amma mata na kewaye da mu, sai na ce Allah ya taimaka.

Ta zubar. Yanzu in kun gan ta sai kun yi kuka. Ta rame, ta bar zuwa kasuwa, mijinta ya ce tuwo ma sai ya zauna a kanta take ci. Kullum da la'asar tana ɗakina in ɗora mata hannu, ni kuma in yi ta addu'a da bakin da ya haɗiyi ƙwaya da safe. Ga Baba Fasto ya ce in maimaita shaidar a taron mata mai zuwa. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli mutanen da suka yi mini guɗa? Maigidana fa, da zai ji a bakin duniya?

Jiya Rahila ta zauna a tabarma, bayanta jingine da tukunyar nan, ta ce, "Mama, me ya sa Allah ya ji taki bai ji tawa ba? Ko ni ya yar da ni ne? Na gaji da rai, Mama."

Na ce ta dawo yau. La'asar ta kusa. Me zan yi?